Jan Ƙwai da Zakaran da Na Ɗauko Daga Bayan Kano

Tun da na dawo daga ƙasar Ingilishi, wato wajen su Kano, ba a bar ni na zauna lafiya a kasuwar Tanut ba. In na je wurin mahauta a tambaye ni, in na fito masallaci a tare ni a bakin ƙofa. Har mutanen Belbeji da Tarka masu zuwa cin kasuwa sun ji wai Ilu Mai Ƙwai ya tafi bayan Kano don zakara guda, ya kuma dawo gida ba ko gashinsa. Shekara ta kusa zagayowa, labarin sai ƙara tsawo yake a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa a jirgin sama aka kawo zakaran. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya sake tambaya a karanta masa.

Sana'ata ba ɓoyayya ba ce. Da tallan ƙwan zabi a ƙwarya na fara, yau ni ke tara ƙwai daga ƙauyukan Damargu in kai Damagaram. Babban mai sayena wani otel ne na wata Bafaranshiya da kowa ke ce wa Madam. Ban taɓa ciniki da ita baki da baki ba, kukunta Mamman ne tsakaninmu. Wata rana na kai kaya, Mamman ya fito da ƙwai guda a tafin hannu, ja kamar sabuwar tukunya.

"Ilu, ka ga wannan? Wani ne ya kawo daga Kano. Madam ta gan shi sai da ta nemi kujera. Ta ce irinsa ta ci ta girma a garinsu, kuma wanda zai riƙa kawo mata shi, shi ne mai ƙwanta."

Na ce, "To ɓawon take ci?"

"Ni dai na isar. Tana jin nauyinka, ta ce za ta jira ka zuwa ɗarin baɗi. In ba ka samo ba, kada ka ga laifina."

Ƙwan kajinmu fari ne, wani ya ɗan yi ruwan madara. Otel ɗin nan kuwa shi ke riƙe da cinikina, in ya kuɓuce na koma ƙwarya. Da na dawo Tanut kowa ya zama likitan kaji. Aka ce in ba su jar dawa, na ba su. Aka ce in haɗa da barkono, na haɗa. Gwaiduwa ta yi ja har tana ban tsoro, ɓawo yana nan fari fat. Daga ƙarshe zauren hirarmu ya tsaya a kan magana ɗaya: aikin zakara ne. A samo jan zakaran Turawa a sake shi cikin kaji, duk wadda ya bi za ta yi jan ƙwai. Ba wanda ya yi musu, don a wurinmu abin da aka haifa na uba ne. Ni ma na yarda. Na ɗaure guzuri na hau motar gero.

Daga Tanut zuwa Damagaram ba abin faɗi, kun san yashin kun san turin mota. A Damagaram na sami kamyon, wato babbar motar fatu, mai zuwa Kano, muka zauna a bisa kaya, warin ƙirgi yana shiga har cikin tuwon da ban ci ba tukuna. A bakin iyaka jandarmomi suka sauke mu, aka duba takardu, aka zazzage jakunkuna. Lokacin ana tsananta bincike. Wani ya tambaye ni me zan je yi. Na ce sayen zakara. Ya dube ni ya daɗe, ya kira abokinsa ya ce in sake faɗa. Na sake. Suka bar ni na wuce suna dariya, ina jin sun ɗauka mai irin wannan amsa ba zai iya cutar da gwamnati ba.

Muna tsallakawa direba ya karkata motar ya koma hannun hagu, ga wata mota ta taho gadan-gadan. Na kama igiyar kaya na fara kalmar shahada da ƙarfi. Motar ta wuce ta damanmu salin alin. Wata mai goro da ke kusa da ni ta gyara ɗaurin kallabi ta ce wa 'yar uwarta, "Ɗan Faransa ne, yau ya fara." Haka suke kiran mutanenmu. Ashe a can haka ake tuƙi. Har na baro ƙasar ban saba ba, in zan tsallaka titi sai in duba inda mota ba ta zuwa. Mai keke ya ture ni sau biyu, na biyun ma ni na ba shi haƙuri.

A Kano na sauka Fagge, gidan wani fatoma da mutanenmu ke sauka, ana ce masa Alhaji Baƙo. Mutumin kirki ne, sai dai ɗakin baƙinsa kuɗin cizo sun riga kowa kama wuri. Abincinsu ba laifi. Miyarsu tana iyo da manja, burodinsu mai laushi ne da zaƙi, kamar an toya matashin kai, ba irin dogon namu mai ƙarfi da za ka iya korar kare da shi ba. Furarsu ce ta ba ni tausayi. Na tambayi mai furar ko saniyar tana da rai lokacin da aka tatse ta. Ta ce in nono nake so in koma dajinmu. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa.

A kasuwa wani dillalin kaji ya ji bakina, ya ɗauko wani jan zakara ya ce jiya jiya aka sauke shi daga Landan. Na kama ƙafarsa na ji siririya kamar tsinke, na duba ƙirjinsa. Na ce masa wannan in Landan ya fito, to a ƙasa ya taho. Muka yi dariya, ya ga ɗan sana'a ne, shi da kansa ya kwatanta mini inda ake samun na gaske: wata gonar kaji ta 'yan mishan, tafiyar wuni ɗaya ba ta kai ba daga birni. Alhaji Baƙo ya sa ni a motar da ta dace.

Abin da ya fara ba ni mamaki a gonar, ba a shiga sai ka taka ruwan magani a wani kasko, da takalminka. Na ce ni a garinmu cire takalmi ake don girmama wuri, ban taɓa jin inda ake jiƙa shi ba. Ɗakunan kajin rufin kwano ne, ga waya, ga inuwa, kowane iri da ɓangarensa kamar barikin soja. Mai kula da su wata mace ce, Bahaushiya Kirista, ana ce mata Malama Saraya, doguwa, ba ta da yawan murmushi amma tana da sauraro. Na ba ta labarina tun daga Mamman har zuwa barkono, na ce zakara ɗaya nake so, wanda ya fi kowane ja.

Ta ce, "Kaji nawa za ka haɗa masa?"

"Kaji ina da su a gida, Malama. Shi dai ya je ya rina musu ƙwai."

Ta ce, "Daga ina ka ce ka taho?"

"Damargu."

"Da nisa?"

"Da nisa ƙwarai."

"To gara da ka faɗa tun ba ka koma ba. Malam, a cikin kaza ake gina ƙwai. Ita ke yi masa ɓawo, ita ke shafa masa launi. Irin ƙwan da ta gada wurin uwarta da ubanta shi za ta yi har ta mutu, ko wane zakara ya bi ta."

Na ce, "To shi aikin me yake, ban da tashin mutane da asuba?"

"Aikinsa yana cikin ɗan tsako. 'Yarsa in ta girma ta fara ƙwai, a nan za ka ga hannunsa."

Ta kai ni wani ɗaki ta jera mini ƙwai a faranti. Ga ja sosai, na kajin da uwa da uba duk jinin masu jan ƙwai ne. Ga fari. Ga wani tsaka-tsaki, launin shayin da ya sha madara, ta ce na 'ya'yan da aka samu ne da aka haɗa jan iri da mai farin ƙwai. Sannan ta nuna wani jeri da ba biyu masu kama da juna, wani ya yi duhu, wani ya koɗe, ta ce jikoki ke nan in aka bar su suna cuɗanya. Wato da na koma da zakara shi kaɗai, sai in jira wata da watanni in sami ruwan shayi, in kai wa Madam ta ce ba shi ba ne.

Ban saba karɓar magana ba gwaji ba. Na nuna wata farar kaza tas da ke kwance a gurbi na ce wannan dai kowa ya san farin ƙwai take yi. Malama Saraya ta zura hannu ƙarƙashinta ta fito da jan ƙwai mai ɗumi. Ta ce gashi ba ya faɗin komai, in ina son alama in duba 'yar fatar da ke kunnen kaza: mai jan kunne galibi jan ƙwai take yi, mai farin kunne fari, amma ko wannan ba kullum ba. Ta sa na lashi babban yatsana na murza ƙwan nan tun yana da ɗumi, sai ga jan yana biyo yatsana. Ta fasa wani ta nuna mini cikin ɓawon, fari ƙal.

Na ce, "Ashe fenti ne."

Ta ce, "Fenti ne, amma ba a sayar da shi a kanti."

Ta ƙara da cewa a wata ƙasa mai nisa akwai kaji masu shuɗin ƙwai, shi kuma har cikin ɓawon shuɗi ne. Wannan na bar mata, ban ɗauko shi ba, kada Madam ta ji.

Nan na sake lissafi. Na sayi kaji huɗu da zakara ɗaya, duk jinin nan tsantsa. Zakaran kuwa kun ji ana faɗi, ba a yi ƙarya ba: ƙirji kamar na ɗan dambe, ƙafa kamar taɓarya. Malama Saraya ta ja mini kunne a kan abu biyu. Kada wani zakara ya kusanci kajin, don in jini ya gauraya ba ya tacewa. Kuma kajin nan ba su damu da kwanci ba, sai in sa wa kajin gida ƙwan su ƙyanƙyashe. Na ce ba za su shafa musu farin ba? Ta ce ɗumi kawai za su ba su. Ta ce, "Kaza in ta mutu kana da saura. Zakaran nan shi kaɗai ne. Ka riƙe shi da kyau."

Dawowa ita ce wahalar. Na sa su a kwanduna biyu na lulluɓe da buhu, duk inda muka tsaya in nemi ruwa in jiƙa. Fasinjoji suna shan rana, kaji suna shan inuwar rigata. A bakin iyaka ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya rasa layin da zai sa su, ko kayan ciniki ne ko guzuri. Muna cikin haka wata kaza ta yi kyarkyara ta ajiye ƙwai a kwando. Ya ɗauka yana juyawa, ya kira mutanen ofis duka suka taru a kansa. Na ce ya kai wa iyali su gani. Aka buga mini hatimi. Tsakanin iyaka da Damagaram zafi ya kayar mini da kaza ɗaya, na yanka ta tun tana motsi, direba da mutanensa suka yi dare da ita. Saura uku da zakara.

Daga Damagaram na hau motar Tanut ina ganin na gama. A Bakin Birji motar ta yi tari ta mutu, direba ya leƙa cikinta ya ce sai an aiko da ƙarfe, mu nemi wurin kwana. To ƙauyen surukaina yana nan ƙasar Ollelewa, ba nisa da hanya, kuma kafin in sauke kwando na biyu wani ya riga ya gane ni. In na kwana a tasha labari ya kai musu, na shiga uku wurin mai ɗakina. Na ɗauki hayar jaki na ɗora kwandon kaji. Zakaran kuwa yana ta haki, baki buɗe, sai na fito da shi na rungume a hammata ina yi masa fifita da hula.

Haka na yi sallama a zauren surukina, da zakara a hannu. Ku da kuka san ƙasar nan kun riga kun ga abin da ni ban gani ba sai da na durƙusa.

Baba ya amsa gaisuwa, idonsa a kan zakaran. Ya ce, "Ɗan nan, kai kullum sai ka yi ɗawainiya? Daga Kano har nan?" Ya miƙo hannu biyu. Hannuwana suka miƙa masa da kansu. Ya auna nauyinsa, ya shafa bayansa, ya sa mini albarka mai tsawo, maƙwabta biyu da ke zaune suna amin. Sannan ya ɗaga murya wajen cikin gida ya ce a kawo wuƙa a ɗora ruwa, baƙon da ya kawo irin wannan ba zai kwana da miyar kuka ba.

Na yi ciniki da Buzaye, na yi da Larabawan kanti, ban taɓa rasa abin faɗa ba. Ranar nan ina tsugune, kaina a ƙasa, ina jin ana wasa wuƙa a bakin turmi, bakina ya ƙi buɗewa. Wa zai dubi surukinsa gaban mutane ya ce ba kai na kawo wa ba? Na ce zan kewaya. Na fita na zagaya bayan gida da sauri, wajen bukkar kakar mai ɗakina. Ita kaɗai ce a gidan nan nake iya haɗa ido da ita, don tsakaninmu wasa ne.

Tana ganina ta ce, "A'a, angona ya dawo. Ina turmin zanen da ka yi mini alkawari? Ko Kanawa sun ƙwace?"

"Tsohuwa, bar zane. Za a yanka ni a gidan nan."

"Da ka huta. Wa zai yanka ka, ƙashi da fata?"

Na durƙusa na ba ta labari a gurguje: Madam, jan ƙwai, kaji uku a kan jaki, zakara ɗaya tak a duk Damargu. Ta saurara tana tauna goro.

"Wato ba kyauta ba ce."

"Kyauta ce yanzu. Ni dai kada ya mutu."

"Kuma Baturiya ce ke sayen ƙwan?"

"Ita ce."

"Da tsada?"

A nan na yi kuskuren da ɗan kasuwa bai kamata ya yi ba. Na ce, "Da tsada."

Ta tashi da sandarta, ta fi yadda nake zato sauri. Ban ga abin da ya faru a tsakar gida ba, ta bayan zana nake ji. Na ji muryar Kaka, na ji ta surukata Inna tana tambaya a hankali, na ji an ce wa mai wuƙa ya dakata. Can sai kukan wani zakara daban, ɗan ƙarami na gida, ya tashi ya yanke. Shi muka ci da tuwo.

Da safe Kaka ta same ni da saƙo. Inna ta ce ta gode da zakara, ya yi kyau da yawa, ba za a yanka ba, za a bar shi iri. Ta ce kuma ta ji akwai matansa a kwando, raba su ba kyau, ga hanyar Tanut da zafi, a bar su nan ta riƙa dubawa. Na ce wa Kaka ko za a ba ni aron zakaran in mayar. Ta ce, "In je in ce wa Malam surukinsa yana neman kyautarsa?" Na ce a'a. Na sauke kwando. Duk abin da Malama Saraya ta faɗa mini na zayyana wa Kaka, ita kuma ta shiga da shi ciki. Na koma Tanut da kwanduna biyu wayam, abin da kuka gani ke nan kuka fara dariya.

Sai dai in faɗi gaskiya, da ni na riƙe kajin nan ban yi abin da Inna ta yi ba. Kafin mako ya zagayo ba sauran zakaran gida a gidanta. Ta sa aka yi wa jajayen danga mai tsawo da rumfa. Zakaran maƙwabta in ya leƙo, mai shi zai ji sallama. Ta tara kajin gida masu kwanci ta riƙa sa musu ƙwan, kuma ba ta taɓa barin 'yan tsakin su ɓace mata cikin na gida ba. Da 'yan matan farko suka fara ƙwai, aka aiko mini da shi cikin ƙwarya da ƙaiƙayi. Ja ne sosai, ba ruwan shayi ba. Tun ɗari bai shigo ba na kai wa Mamman kwando cike. Ya shiga da shi, ya fito ya ce Madam ta ce a gaishe ni, in ci gaba da kawowa.

To otel yana hannuna, amma ƙwan a wurin Inna nake saye. Ita ke yanka kuɗi, Kaka ke kawo saƙo. Ni da ban taɓa sayen ko albasa ba tayi ba, a nan sai in sunkuyar da kai in ce madalla.

Na so in sami ɗan zakara ɗaya daga cikin 'ya'yan in kafa nawa a Tanut, don kaji mata ba ta hana ni ba, ta san su kaɗai ba za su kai ni ko'ina ba. Na aika Kaka, aka ce sun yi ƙanƙanta, in bari su yi ƙwari. Da suka yi ƙwari na je da kaina. Aka shimfiɗa mini tabarma sabuwa, aka kawo tuwo, na buɗe kwanon miya, sai ga cinya mai kauri wadda na san ba ta kajin ƙasar nan ba ce. Tun daga ranar, duk zuwan da na yi sai an yanka mini ɗan jan zakara. Mutanen ƙauyen suna cewa ba su taɓa ganin surukin da ake girmamawa kamar Ilu ba. Ni kuwa ina cinyewa, in suɗe hannu, in ce wa Kaka ta shiga ta ce wa Inna na gode.